Agwagwa Mai Takalmi a Kaskon Iya

Ba zan taɓa mantawa da ƙarfe tara da minti ashirin na safiyar wata Laraba ba. Na san lokacin daidai ne domin na duba agogo na rubuta shi a ɗan littafina, kamar yadda nake rubuta komai a wancan zamanin. Abin da na rubuta shi ne: "9:20, an fara gyaran kwali." Da na san abin da zai biyo baya, da wasiyya na rubuta.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a a Samaru, ina karanta ilimin kula da ɗakin karatu. Kaset bai mutu ba tukuna, wayar hannu kuwa duk ajinmu ba ta wuce a hannun mutum uku ba. Ni irin ɗalibar nan ce da za ku yi shekara huɗu tare ba ku san kalar muryarta ba. In malami ya kira sunana, hannu nake ɗagawa. (Gaskiyar magana, na zaɓi wannan karatu ne saboda na ji an ce aiki ne da ake biyan mutum albashi don ya ce wa jama'a su yi shiru.)

Kundin da zan rubuta na kammala digiri a kan littattafai da waƙoƙin da suka dace da jarirai da ƙananan yara ne. Wata biyar na yi ina haɗa jerin. Na kasa shi gida uku. 'Yan ƙasa da shekara ɗaya, littafi mai kaurin shafi da manyan hotuna, ba yawan rubutu. 'Yan shekara ɗaya zuwa uku, dabbobi da ƙirge. Daga uku zuwa biyar, gajerun labarai. Waƙoƙi ma na raba su, na barci daban, na tafi da tsalle daban. Kowane suna da katinsa, kowane rukuni da kalar bironsa. Abu ɗaya kawai na rasa: ni ce auta a gidanmu, kuma ban taɓa riƙe jariri na minti biyar ba tare da na nemi wanda zan miƙa wa ba.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai ƙarancin magana, wanda in ya cire tabarau ɗalibi ya san ta ɓaci. Ya juya katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau, ya tambaye ni wa ya ce waɗannan littattafai sun dace da yara. Na ce manyan masana ne suka faɗa. Ya ce, "Su masanan, shekarunsu nawa?" Sannan ya yanke hukunci: in je gidan renon yara in yi mako biyu ina gwada jerin, in kawo takarda da sa hannun mai gidan, shi kuma zai zo da kansa ranar Larabar mako na biyu da ƙarfe sha biyu ya ga abin da nake yi. In babu sa hannu babu babi na huɗu, in babu babi na huɗu sai baɗi. Mahaifina kuwa ya riga ya gama shaida wa duk unguwa cewa bana 'yarsa za ta gama.

Haka na samu kaina a gidan renon Mama Rahila, a wani lungu bayan kasuwar Sabon Gari. Mama tsohuwar malamar firamare ce daga Kudancin Kaduna, ta yi ritaya ta mai da ɗaki ɗaya da barandar gidanta wurin ajiye yaran 'yan kasuwa da teloli da ma'aikatan jirgin ƙasa. Yara kusan ashirin, wasu na rarrafe, wasu na gudu, ana kuka da Hausa da Ibo da Yarabanci. Mai taimaka mata ita ce Anti Ngozi, wadda kullum akwai jariri a bayanta, nata ko na wata.

Tun ranar farko na buɗe takardata na karanta wa Mama tambaya ta ɗaya: ta yaya take gane littafin da ya dace da yaro? Ta ce, "Bari su yi barci tukuna, 'yata." Kullum sai na tambaya, kullum amsar ke nan. Yaran nan kuwa ba su taɓa yin barci gaba ɗaya ba, kamar sun raba aikin gadi a tsakaninsu.

Na zo da littattafai goma sha biyu daga cikin jerina, waɗanda na samu a shagunan littattafai na unguwar PZ. Na naɗe kowanne da leda, na buga masa lamba. Kullum da safe sai in hau bas daga Samaru, in shimfiɗa su a tabarma, in koma lungu da agogo ina rubuta minti nawa kowane yaro ya yi da littafi. Da na ga an nufi baki da shi sai in tashi in karɓe. Wanda ya fi daɗewa da littafi wani ɗan lukuti ne da ya yi minti shida, shi ma don zama ya yi a kai. Ƙarfe goma da rabi nake tattara kayana in koma lacca, saboda haka ban taɓa sanin abin da ake yi a gidan nan da ƙarfe sha ɗaya ba. Ku riƙe wannan.

Akwai wani kwalin sabulu a kusurwar ɗakin da yake ci mini tuwo a ƙwarya tun zuwana. A ciki Mama take zuba littattafan gidan. A sashenmu akwai darasi guda da ake koya mana yadda ake tsince littattafan da suka mutu a fitar da su daga kanta, kamar yadda manomi ke cire ciyawa. Ni na fi kowa maki a darasin. Ranar Larabar nan, da na ga Mama ta tafi kai wata yarinya allura, yara kuma suna baranda suna shan koko, sai na ce a raina ai bai kamata Malam ya zo ya tarar da wannan kwali haka ba. Ba wanda ya sa ni. Ina so a rubuta wannan a tarihi: ba wanda ya sa ni.

Na zazzage kwalin na kasa shi uku bisa ƙa'ida: masu lafiya, masu buƙatar gyara, da matattu. Masu lafiyar sun fi yawa, wasu ma kamar ba a taɓa buɗe su ba, na jera su da kyau ina yaba wa Mama a zuciya. A cikin matattu akwai wani abu da ko sunan littafi bai cancanta ba. Ba bango, ba sunan marubuci, shafi goma sha ɗaya ne a warwatse, kowace kusurwa an tauna ta, ga tabon koko, ga na majina. Hoton wata agwagwa ce sanye da takalmi. Na kuma cire wani kaset mara suna daga cikin rediyo, wanda aka ɗaure da salatif, na jefa shi kwandon shara, na sa nawa a gurbinsa.

An koya mana cewa littafin da aka cire ba a barin sa kusa, don kada tausayi ya sa a mai da shi. A bakin lungun akwai Iya mai ƙosai, Bayarabiya haifaffiyar Sabon Gari wadda Hausarta ta fi tawa gishiri. Na kai mata takardun. Ta yi ta sa mini albarka, ta ce 'yan jami'a ma ashe akwai masu hankali, ta ƙunsa mini ƙosai biyar kyauta a ɗaya daga cikin shafukan. Na ci. (Da yaji.)

Ƙarfe sha ɗaya saura kaɗan Mama ta dawo. Sai na ga abin da ban taɓa gani ba: yaran nan da ba sa jin kira, duk suka taru suka zauna a tabarma ba wanda ya ce musu, har masu rarrafe. Suka fara tafi suna cewa agwagwa, agwagwa. Mama ta zauna a kujerarta, ta zura hannu cikin kwali ba tare da ta duba ba. Ta lalaba. Ta sake lalabawa. Sannan ta leƙa.

"'Yata, ina agwagwa?"

Na miƙe na yi mata bayani tiryan-tiryan, da ƙa'ida ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Ban taɓa yin doguwar magana irin wannan a gaban mutum ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wato kin ba Iya."

A gaban tabarmar akwai wata yarinya 'yar shekara uku, Tabita, 'yar wani tela, mai murya kamar ta kwandastan bas. Ita ce shugabar gidan bayan Mama, wani lokacin ma kafin Mama. Ta juya ta fuskanci jama'arta ta sanar da su cewa Anti 'yar jami'a ta kai wa Iya agwagwa ta soya.

Ban san yara ashirin za su iya fara kuka a daƙiƙa ɗaya ba. Cikin ruɗewa na tuna ai ina da magani: kaset ɗin da ke lamba ɗaya a jerina, kiɗan fiyano mai sanyi na ƙasar waje, wanda masana suka ce yana kwantar da hankalin jariri. Na danna. Sai ɗakin ya koma kamar gidan makoki da aka ɗauko wa makaɗi. Jaririn da ke bayan Anti Ngozi, wanda bai san agwagwa ba bai san takalmi ba, shi ma ya shiga.

Mama ta kashe rediyon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa malamina zai zo, na ce sha biyu. Ta ce, "To kina da kusan awa guda. Ni ba na sa hannu a takarda yara suna kuka."

Na fita da gudu. Iya ta yi dariya har sai da ta ajiye matsami ta riƙe ciki, ta janye albarkar da ta sa wa 'yan jami'a. Amma Allah ya saka mata, ba ta manta mai sayen ƙosanta. Shafi uku suna nan ƙarƙashin faranti. Sauran ta lissafa mini su da yatsa: biyu wajen mai faci, ɗaya shagon magani, ɗaya wajen tela, ɗaya wani ɗan acaɓa ya tafi da shi can unguwar Chikaji, biyu kuma wata baƙuwa ce da ba ta san gidanta ba.

Ku tuna ni ce wadda ko canjin bas ba na iya tambaya. Yau ga ni ina bin shaguna ina roƙon takardar ƙosai. Mai faci ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ƙanwata in yunwa ce a saya miki sabo. Da na yi bayani ya kira maƙwabcinsa don in maimaita. Ɗaya shafin ma ya riga ya goge hannu da shi. Matar shagon magani ba ta jin Hausa sosai, ni kuma Turancin buroka bai zauna a bakina ba, sai da na kwatanta agwagwa da hannu kafin ta tono mini shi daga shara. Telan kuwa ashe mahaifin Tabita ne. Ya ce shi ma tun da ya ga takalmi a jikin takardar gabansa ya faɗi, don duk dare sai an ba shi labarin nan sau biyu kafin a bar shi ya kwanta. Ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce Allah ya fid da ni.

Na ƙirga, bakwai. Ina tsaye a bakin kwata ina neman yin kuka sai na tuna ni ba na yar da shara a hanya. Na buɗe jakata. Ga shafi na ɗaya nan a ninke, da sauran yajin ƙosan da na ci.

Sha biyu saura minti goma na koma da shafi takwas, duk mai ya ratsa su har ana ganin hannu ta bayansu. Kukan ya ragu zuwa shessheƙa. Na miƙa wa Mama, ta ƙi karɓa. Ta tashi daga kujerarta ta nuna mini. "Ke kika kai ta, ke za ki dawo da ita."

Na zauna na fara karantawa da muryata ta ɗakin karatu. Labarin wata agwagwa ce da ta tsinci takalmi a bakin hanya, ta sa, ta shiga gari tana taƙama. Ban kai ƙarshen layi na biyu ba Tabita ta ce ba haka ake yi ba. Agwagwa ba ta raɗa. Na ƙara murya. Ta ce ba a juya shafi sai an yi kwak sau uku. Na yi kwak sau uku, a hankali, ina kallon ƙofa. Haka muka rarrafa har shafi na biyar, na yi tsalle zuwa na tara ina fatan ba wanda zai lura. Duk ɗakin ya ɗauka: kasuwa, kasuwa. Shafi na shida da na bakwai da na takwas, inda agwagwa ta ratsa kasuwa da takalminta, ta zame, ta faɗa kududdufi, su ne suka tafi Chikaji da gidan baƙuwa.

Na dubi Mama. Ta ce inda babu shafi jiki ake sawa, ta tuɓe takalmanta, wasu manyan rufaffu da ƙafafuna biyu za su iya shiga ɗaya, ta turo mini. Anti Ngozi ta tono tsohon kaset daga kwandon shara, ta cire ɓawon ayaba daga jikinsa, ta sa. Muryar Mama ce, an ɗauka a tsakar gida, wata na daka a gefe, sautin taɓarya shi ne kiɗan. Waƙar ba ta wuce layi biyu ba, ana ta maimaitawa. A tsakiya wani zakara ya yi cara, duk yaran suka tsaya suka yi cara tare da shi, sannan aka ci gaba. Ashe kullum jiran zakaran suke.

To, jama'a, na tsuguna. Na buɗe gyalena ya zama fiffike. Na fara tafiyar agwagwa daga bango zuwa bango cikin takalman Mama, ina kwak, yara na tafi, Tabita na biye da ni tana gyara mini kuskure. Ta ce in ƙara murguɗa. Na ƙara. Ta ce in gai da mai tumatir, na gai da ɗan lukutin nan da kwak. Abin kunyar ma shi ne, wajen zagaye na uku na fara jin daɗi. Murya ta fito mini wadda ban san ina da ita ba. Da aka zo wurin zamewa na ba shi haƙƙinsa: na yi kwak mai tsawo, na baje a tabarma, na shure ƙafa. Takalmin Mama ɗaya ya fita, ya tashi sama, ya ratsa ɗakin, ya sauka a bakin ƙofa.

A gaban wasu ƙafafu masu takalmi sau-ciki, gogagge.

Malam ne, da jakarsa a hammata. Daga baya Anti Ngozi ta gaya mini tun shigar agwagwa kasuwa yake tsaye. Ya sunkuya ya ɗauki takalmin, ya cire tabarau, ya dube ni ina kwance da gyale a baje da man ƙosai a goshi. Ya ce, "Ashe kina da murya."

Na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Tabita ce ta je ta ja masa riga ta kai ƙara: "Baba, ba ta iya faɗuwa ba. A sake." Ina jiran ya ce a'a, yarinya, wannan ɗalibar jami'a ce. Sai ya jawo wani ɗan bencin yara, ya zauna gwiwoyinsa har ƙirji, ya miƙo mini takalmin, ya ce, "A sake ɗin."

Sau biyu na ƙara faɗuwa kafin Tabita ta amince.

Kafin ya tafi ya ce babi na huɗu yanzu ya fara, in jefar da agogon. Na ƙara wata guda a gidan Mama bisa raɗin kaina. Na ɗinke agwagwa da allura da zare, na zana shafuka ukun da suka ɓata (agwagwata ta fi kama da buta, sai a zane na uku Tabita ta karɓa). Na cire ledar littattafaina. Jerina mai sunaye sittin ya dawo tara, kuma na farko a ciki ba shi da marubuci, ba maɗaba'a, ba shekara, abin da ya kusa sa ni rashin lafiya wajen cike katinsa. Na gama tare da 'yan ajinmu, mahaifina bai ji kunyar unguwa ba. Abin da na koya kuwa, ban da cewa ƙosan kyauta yana da tsada, shi ne kada mai ilimi ya gyara abin da bai taɓa zama ya ga yadda ake amfani da shi ba. In kuma ya zama dole, to kada ya kai wa mai kasko.

Amma a ranar Larabar ce dai, bayan azahar, abin al'ajabi ya faru. Kuka da tafi sun gajiyar da yaran, duk ashirin ɗin suka yi barci lokaci ɗaya, Tabita da shafi na ɗaya a bakinta tana tsotson mai. Mama ta karɓi takardata ta sa hannu. Na ga dama ta samu, na ce Mama, yau dai sun yi barci, tambaya ta ɗaya tana nan: ta yaya kike gane littafin da ya dace da yaro?

Ta mai da takalmanta ƙafa, ta dubi jerin masu lafiyar da na tsara da safe, ta ce:

"Ni ban taɓa zaɓa ba, 'yata. Zuba su nake a tabarma in bar su wata guda. Wanda na ga shaidar haƙori a jikinsa, shi ne littafi. Wanda ya fito da tsabtarsa, shi nake tara wa Iya. Naki ma ki bar su nan mu gani."